Kayan Yanka da Sassaƙar Katakon Balsa: Nazarin Kalmomin Sana'a

1.0 Gabatarwa

Balsa bishiya ce da ke tsirowa a dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma daga ƙasar Ekwado ake samun mafi yawan katakonta da ke shiga kasuwannin duniya. A harshen Sifaniyanci, kalmar tana nufin gumagumai da aka ɗaure wuri guda domin fito. Abin da ya fito da katakon shi ne rashin nauyi: gunduwa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri takan yi kimanin kilo 160, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ruwa mai girmanta ba. Wannan ya sa kamfanin de Havilland na Ingila ya sanya shi a jikin jirgin yaƙin Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940. Shi kuma masu haɗa ƙananan samfuran jiragen sama suka fi dogara da shi. Yaron da ya taɓa haɗa jirgi da totuwa da sillen kara ba zai ga baƙon abu ba, domin taushin balsa ya yi kusa da na totuwa.

1.1 Kowane Kayan Aiki da Aikatau ɗinsa

Masassaƙin turmi da gatari da gizago yake aiki, aikatau ɗinsa kuwa shi ne "sara". A nan babu sara ko kaɗan. Bugu ɗaya ya isa ya ragargaza katakon.

Babban makami shi ne 'yar wuƙa mai tsini wadda ake sauya wa kaifi kamar reza. Wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin X-Acto, mai kaifi lamba 11. Ana ɗora rula ta ƙarfe, a ja wuƙar a hankali sau uku ko huɗu a kan layi ɗaya, maimakon a danna ta sau ɗaya. Wuƙa dakusasshiya ba ta yanka balsa, murƙushe shi take yi, kuma ita ta fi saurin zamewa ta sami yatsa.

A nan ne ya kamata malami ya tsaya, domin Hausa ta bambanta abin da ɗalibai kan tattara a ƙarƙashin "yanka". Katako yana da jijiyoyi da suka miƙe bisa tsawonsa. Bin jijiyoyin shi ne "tsagawa", ratsa su kuwa shi ne "datsewa". Wuƙa takan tsaga falle cikin sauƙi, har ma jijiya takan ja ta ta kauce wa layi. Amma sandar da kaurinta ya wuce milimita 3, da zarto mai ƙananan haƙora ake datse ta, in ba haka ba bakinta ya lotsa, gam kuma ya ƙi kama shi da kyau. Malamin da ya ce "yanka" alhali "datsa" yake nufi, ya miƙa wa ɗalibi kayan aikin da bai dace ba, kuma a sama fiffiken zai tona asirin kuskuren.

Akwai kuma 'yar na'ura mai reza a cikinta, wadda ake turawa a kan katako tana ɗebo shi siri-siri. Da ita ake "fere" gaban fiffike har ya yi lanƙwasar da iska za ta bi. Daga nan sai "guga" da samfefa. Ba a riƙe ta da tsurar yatsu. Manna ta ake yi a jikin katako mai shafaffen ciki, don kada yatsu su bar kwari. Gwargwadon girman lambar da ke bayanta, gwargwadon laushinta: akan fara da 80, a ƙare da 320 ko 400.

1.2 Aikin Aji

A kawo karan dawa da reza, kowane ɗalibi ya tsaga, ya datse, ya fere, sannan ya rubuta jimla ɗaya da kowace kalma, yana bayyana yadda hannunsa ya motsa.