Tsohuwar Motar Tsere Ko Ta Zamani: Wacce Ta Dace Da Hanyoyin Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa?

Duk mai sha'awar motoci da ke bibiyar Facebook ko YouTube ya sha cin karo da hotunan tsofaffin motocin tsere irin su Jaguar E-Type ta 1961, da Ferrari 308 ta 1975, da Porsche 911, da Mercedes SL. Motoci ne masu ƙofa biyu, masu kwanciya a ƙasa, masu ƙarar da ke jan hankali. Wani lokaci akan ga irinsu an sa a kasuwa a Legas ko Abuja. A nan ne tambaya take tasowa: a sayi wadda ido yake so, ko wadda za ta yi aiki?

Amsar ta danganta da inda motar za ta zauna. Wannan darasi zai auna zaɓin biyu da ma'aunin mutumin da ke zaune a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa a kudancin jihar Katsina, inda mutuwar mota a hanya ba ƙaramar magana ba ce.

Mene ne bambancin da ke cikin injin?

Yawancin motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980 suna amfani da kabureta. Aikinta shi ne gauraya mai da iska ta hanyar wasu ƙananan ramuka, ba tare da kwamfuta ba. Bakanike yana daidaita ta da sukuddireba da kunnensa. Mota mai kabureta ɗaya, irin Peugeot 504 da aka saba da ita, ba ta ba kanikawa wahala. Amma Ferrari 308 ta farko kabureta huɗu gare ta, samfurin Weber, kuma dole a saita su su yi numfashi tare. Idan ɗaya ta kauce, injin ya riƙa tari yana shan mai a banza.

Motar zamani kuwa nozul take amfani da shi wajen fesa mai, kuma wata ƙaramar kwamfuta ce ke ba da umarni, wadda kanikawa ke kira birenbos. Na'urorin ji da ke jikin injin suna sanar da ita yawan iskar da ta shiga, da zafin ruwa, da abin da ke fita ta salansa, ita kuma ta auna man da ya dace a kowace daƙiƙa. Shi ya sa take tashi da bugu ɗaya ko da asubar hunturu, kuma take shan mai kaɗan.

Ma'auni na farko: hanya

Motar tsere an yi ta ne don kwalta mai santsi. Tsakanin cikinta da ƙasa yakan kasance kimanin santimita 10 zuwa 12. Ƙaramar motar gida ta fi haka tsawo, Toyota Hilux kuma ta haura santimita 20. Wannan tazara ita ce ke raba wanda zai wuce da wanda zai fasa tukunyar baƙin mai a kan dutse.

Wanda ke bin titin Funtua zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara, ko na Funtua zuwa Dandume zuwa Sabuwa, ya san ba kwalta kaɗai zai taka ba. Akwai tudun rage gudu a cikin garuruwa, akwai ramuka, kuma da zarar an sauka zuwa ƙauye ko gona sai burji da yashi, da damina kuma laka da zaizayar ruwa. Tayoyin motar tsere masu faɗi ne da siririn gefe, rami ɗaya yana iya lanƙwasa rim. Samun irin wannan taya a Funtua ko Malumfashi abu ne mai wuya.

Ma'auni na biyu: tsaro da lokaci

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin waɗanda matsalar 'yan bindiga ta fi shafa a jihar. A Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a ranar 11 ga Disamba, 2020. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma taƙaita man da za a sayar wa mai mota zuwa na Naira 5,000 a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan ukun. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a yankin na tsawon watanni.

Darasin da ke cikin wannan ga mai sayen mota a fili yake. Na ɗaya, mota ta zama wadda ba za ta tsaya a daji ba, domin ba kullum ake samun damar kiran bakanike ba. Na biyu, ta zama mai yin tafiya mai nisa da mai kaɗan. Na uku, kada ta zama mai jan ido. Jar mota mai ƙofa biyu da babu irinta a gari tana sanar da kowa wane ne ya wuce da kuma inda ya nufa. Corolla ko Golf kuwa tana sajewa cikin saura.

Ma'auni na uku: mai

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama babban abin lissafi ga kowane mai mota. Lita da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000 a wurare da dama.

Ga misali don fahimta. A ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 1,000 a wata, kuma ana sayar da lita a kan Naira 900. Corolla mai injin lita 1.8 tana shan kimanin lita 8 a kowane kilomita 100, wato lita 80 a wata, Naira 72,000 ke nan. Tsohuwar Mercedes 450 SL mai silinda takwas tana iya shan ninkin haka, lita 160, wato Naira 144,000. Bambancin a shekara ya kai Naira 864,000, tun ba a sayi ko fulogi ɗaya ba.

Akwai kuma batun irin man. An ƙera tsofaffin injuna da yawa ne don fetur mai sinadarin dalma, wanda ke kare mazaunin bawul daga ci. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi tun farkon 2006 saboda illarsa ga lafiya, kuma a 2021 aka kawo ƙarshensa a duniya baki ɗaya. Irin waɗannan injuna suna buƙatar a sauya musu mazaunin bawul ko a riƙa zuba musu wani sinadari na musamman.

Ma'auni na huɗu: gyara da kayan gyara

Mota ba ta fi ƙarfin kayan gyaranta ba. Kayan Corolla, da Camry, da Golf, da Sharan da direbobi ke kira Sharon, ana samun yawancinsu a Funtua. Abin da ya gagara a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya iso a motar haya cikin kwana ɗaya ko biyu. Dalili shi ne yawa: Toyota ta fara ƙera Corolla a 1966, kuma zuwa 2021 ta sayar da sama da miliyan 50.

Kayan Ferrari ko Jaguar kuwa sai an yi oda daga Turai ko Amurka, a biya da Dala ko Yuro, a jira makonni, a biya kwastan. Bayan sun iso kuma sai an sami wanda ya san ɗaura su. Porsche 911 da aka ƙera kafin 1998 ba ta da lagireton ruwa, iska da baƙin mai ne ke sanyaya injinta, wanda ke can baya. Bakaniken da bai taɓa buɗe irinta ba zai koyi aiki ne a kan dukiyar mai ita.

Ƙananan abubuwa ma suna da nasu. Na'urar sanyaya ɗaki ta motocin da suka girmi farkon shekarun 1990 tana amfani da gas ɗin R12, wanda aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya, sai an juya ta zuwa R134a. Robobi da wayoyin da suka shekara arba'in suna tsagewa a zafin Maris da Afrilu. Sannan motocin Ingila da yawa sitiyarinsu a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma doka ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba.

Ma'auni na biyar: kare rai

Ana yawan cewa motar da ƙarfe ce zalla, ta yanzu kuwa gwangwani. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta gwada wannan magana. Ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Ɗakin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar kuwa ya tsaya yadda yake.

Sirrin shi ne an tsara gaban motar zamani ya lotse da gangan don ya shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga mutum. Ga kuma jakar iska, da birkin ABS mai hana taya ƙullewa, wanda Mercedes da Bosch suka fito da shi a 1978, da na'urar hana mota juyawa a kwana da ta bayyana a 1995. Yawancin tsofaffin motocin tsere bel kawai gare su. A hanyar da ake haɗuwa da manyan motoci da dabbobi, kuma asibiti yake da nisa, wannan bambanci ne na rai da mutuwa.

Raunin motar zamani

Ita ma tana da nata. Gurɓataccen mai yana kashe mata famfo da nozul da sauri, kamar yadda masu motoci suka gani a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol. Ruwa idan ya shiga birenbos, gyara ya zama babba. Wasu motocin da ake kawowa daga Amurka ma ambaliya ce ta cinye su aka wanke aka shigo da su.

Sai dai fasaha ta kawo sauƙi. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD-II. Akwai ƙaramar na'ura mai araha, ELM327, da ake soka wa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta matsalar motar da manhaja irin Torque. Ba ta buƙatar intanet kafin ta yi aiki. Lamba P0300 tana nufin injin yana tsallake wuta. P0171 tana nufin iska ta fi mai yawa. P0420 kuma tana nuna matsala a matatar hayaƙin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, kuma sau da yawa alama ce ta an cire ta an sayar.

To batun jari fa?

Masu son tsohuwar mota sukan ce darajarta ƙaruwa take yi. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Amma guda biyu kacal aka taɓa ƙera irinta, kuma a hannun kamfanin take tun asali. Motar da ke tsada ita ce mai cikakken tarihi, da injinta na asali, da ajiya mai kyau. Wadda aka sauya wa injin, aka yi mata fenti sau uku, ba jari ba ce. Kuma masu sayen irin waɗannan motoci ba a kasuwar Sheme ko Dandume suke ba, don haka ranar da buƙatar kuɗi ta taso, mai Corolla zai sayar cikin mako, mai Jaguar kuwa sai ya jira.

Darasin Fijo 504

Arewa tana da tata tsohuwar mota mai tarihi. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shekaru sama da ashirin bayan an daina yin ta a Faransa. Tana da jinin tsere: ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, sannan 'yar'uwarta mai ƙofa biyu da silinda shida, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara, ta lashe Safari da gasar Bandama ta Kodebuwa a 1978.

Amma abin da ya sa ta mamaye tashoshin Funtua da Katsina ba tsere ba ne. Tsawonta daga ƙasa ne, da shoka mai shanye rami, da kayan gyara a kowane gari, da kanikawan da suka san ta ciki da waje. Wato a zamaninta ita ce motar aiki. Ga wanda zuciyarsa ta nace sai tsohuwar mota, 504 ta fi kowace Ferrari dacewa da yankin, ko da yake ita ma ba ta da jakar iska ko ABS, kuma kayanta na asali sun fara wuya.

Kafin a biya kuɗi

A duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a tabbatar ta yi daidai da ta jikin takardun kwastan. A soka na'urar OBD kafin ciniki. A ɗaga dardumar ƙasa a nemi laka ko tsatsa, alamar ambaliya. A je da bakaniken da zai riƙa gyara motar, a tambaye shi kuɗin famfon mai, da shoka, da kayan birki, da inda zai samo su. A kuma ware wani kaso na kuɗin don gyaran farko.

Wanda mota ɗaya zai iya mallaka, kuma da ita zai kai mara lafiya asibiti, ya ɗauko taki, ya dawo gida kafin magariba, motar zamani mai sauƙin gyara ce tasa. Tsohuwar motar tsere ta dace ne da wanda ya riga ya mallaki ta aiki, yana da wurin ajiya a birni, yana da bakanike, kuma ba zai shiga damuwa ba idan ta yi wata uku a gareji tana jiran kaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.