Hayasin ya gama fure a falo: a zubar ko a dasa?

Tambaya: Malam, ina zaune a Manchesta. A watan Disamba aka ba ni tukunyar furen hayasin, ya cika falo da ƙamshi, yanzu furen ya bushe, ganye kaɗai ya rage. In zubar, ko zai sake yi idan na dasa a lambu?

Amsa: Kada ki zubar, 'yar uwa. Albasar da ke cikin tukunyar nan tana da ranta, gajiya ce kawai ta yi.

Asalin hayasin daga tsaunukan kudancin Turkiyya da Siriya yake, kuma a Ingila lokacin furensa na gaskiya Maris ne zuwa Afrilu, bayan ya sha sanyin hunturu a cikin ƙasa. Wanda ake sayarwa gabanin Kirsimeti ruɗa shi aka yi. Manoma, galibi na Holan, sukan tono albasar da wuri su sa ta a ɗumi, sannan a ajiye ta cikin duhu da sanyin kusan digiri 9 har mako 10 ko fiye. Da an shigo da ita ɗaki mai ɗumi, sai ta ɗauka lokaci ya yi, ta ƙarar da duk abincin da ta tara a kan fure ɗaya. Yanzu mai jego ce, kulawa take nema kafin a sake sa mata rai da haihuwa.

Ganyen nan da kike gani shi ne zai ciyar da ita. Ki yanke karan furen daga gindi don kada ta ɓata ƙarfi wajen yin iri, amma ganye kada ki taɓa shi. Na san ba shi da kyan gani, zai yi tsawo ya langaɓe, hannu ya riƙa ƙaiƙayin almakashi. A nan mutane da yawa ke kashe albasarsu. Kada ki yanke, kada ki ɗaure. Ki mayar da tukunyar bakin taga mai haske, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, ki ba ta ruwa idan saman ƙasar ya bushe, ki haɗa da takin ruwa irin na tumatir duk mako biyu. Zai ɗauki mako shida ko fiye kafin ganyen ya yi rawaya da kansa.

Idan ƙasa ta daina daskarewa, wajen watan Maris, kina iya dasawa da ganyenta. Ki fara fitar da tukunyar waje da rana kina shigowa da ita da dare, kamar mako guda, ta saba. Ki zaɓi inda rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya, domin laima ce ke ruɓar da ita. Idan ƙasarki laka ce, ki gauraya ta da ƙananan tsakuwa. Zurfin rami santimita 10 zuwa 15, tazara santimita 10. In kuwa lambun bai shirya ba, ki bari ganyen ya mutu a tukunya, ki cire albasar ki shanya, ki ajiye a jakar takarda, ki dasa a Satumba ko Oktoba.

Ki sa safar hannu, albasar tana sa fata ƙaiƙayi. Kuma don Allah kada ki ajiye ta a kicin: tana kama da albasar miya, alhali guba ce ga mutum da kare da kyanwa.

Furen baɗi ba zai kai na bana cika ba, albasar da aka raina a kwalbar ruwa ma tana iya tsallake shekara guda. Ni dai na fi son sakakken furen na baɗi, don ba ya kifewa saboda nauyi. Kada ki sake shigar da ita ɗaki, kada kuma ki yi tsarabarta zuwa Kano ko Damagaram, sanyin hunturunmu bai isa ya sa ta yi fure ba. Inda kika dasa, ki kafa ɗan kara, domin ganyen zai ɓace gaba ɗaya a watannin zafi, kada ki sare ta wajen shuka wani abu.