Hawan Chappal Waddi da Asirin Ruwan Kurmi

Chappal Waddi, wanda Fulani ke kira Gangirwal, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 daga doron teku. Yana bakin iyakar Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991.

Mai hawansa yakan yi kwanaki yana tafiya a ƙasa tare da ɗan jagora da 'yan dako, galibi da rani, domin da damina rafuka kan cika su datse hanya. Yana hawa sanyi na ƙaruwa, kimanin digiri 6 a kowane mita 1,000. Haka ma iska mai laima: idan ta ci karo da dutse sai ta hau, ta huce, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa kurmi ya yi duhu a kwazazzaban, har birin cimfanzi ya sami mafaka, yana zura tsinke yana lasar zuma.

Saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye suna riƙe ruwan nan tamkar soso, suna sakinsa sannu a hankali zuwa Kogin Taraba, wanda ke malala cikin Binuwai. Abin takaici, wutar da ake cinnawa don samun sabuwar ciyawar kiwo tana cin bakin kurmin kowane rani.

Malami zai iya nuna wannan a aji. A cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa, ɗaya tsirara, a karkata su, a zuba ruwa daidai wa daida. Ɗalibai su duba wanne ya fara zubarwa, da kuma launin ruwan.