DARASI: WA YA YI ZUNUBI? HAKKINMU GA IYALAN YARA MASU NAKASA

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kabuga, a kan hanyar Gwarzo, yakan ga guragu a kan kekunansu na hannu suna ratsa tsakanin motoci. Waɗannan muna ganinsu. Amma akwai waɗanda ba mu gani: yaran da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki saboda kunya, da iyaye mata da suka daina zuwa Misa domin babu mai riƙe musu yaro.

Abin da Bishara ta koya

A Bishara ta Yohanna, sura 9, almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi su san ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya ƙi ɗora laifin a kan kowa, ya buɗe masa idanu. Mu ma mukan yi irin tambayar almajiran. Ko sunan "shan inna" ya samo asali ne daga zaton cewa wata aljana ce ke shanye ƙafar yaro. Alhali kuwa ƙwayar cuta ce, kuma allurar rigakafi ko ɗigon baki na hana ta.

Abin da tarihi ya nuna

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano, sai a 2004 aka ci gaba, bayan cutar ta sake bazuwa. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa nau'in cutar na asali ya ƙare a Afirka. Amma waɗanda ta shanye suna nan tare da mu, haka kuma waɗanda sanƙarau na 1996 ya kurmantar.

Abin da doka ta tanada

A watan Janairu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ba su 'yancin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba. Sanar da su aikinmu ne.

Abin da za mu yi

Na farko, kowace majami'a ta san gidajen da ke da irin waɗannan yara, Zumuntar Mata ta riƙa ziyartarsu, ko da ta riƙe yaron na awa biyu domin uwa ta huta. Na biyu, mu raka iyaye Asibitin Ƙashi na Dala da wuri, domin ƙafar jariri da ta zo a karkace takan miƙe in an fara gyara tun yana ɗanye. Na uku, mu nuna wa iyayen kurame da makafi hanyar makarantar Tudun Maliki. Na huɗu, kada katikis ya hana yaro shirin karɓar Jikin Kristi don kawai ba ya iya haddacewa. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna ɗauke da wannan nauyi, kada taimakonmu ya tsaya a ƙofar coci.

Tambaya domin tattaunawa: wace uwa ce muka daɗe ba mu gani a Misa ba, kuma wa zai je gidanta a wannan mako?

Ubangiji ya buɗe mana idanu. Amin.