Darasi na 18: Tsohuwar Dalar Azurfa

A wasu gidaje, idan aka buɗe adakar kaka, akan tarar da wani farin kuɗi mai faɗi da nauyi. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai lulluɓi. A ɗaya fuskar akwai gaggafa mai kai biyu, tare da shekara 1780. Wannan ita ce dalar Mariya Tereza.

Mariya Tereza sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, can a Turai. Ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗi mai hotonta a 1741. Nauyin dala ɗaya giram 28 ne da ɗan kai. Idan aka kasa nauyin shida, kashi biyar azurfa ne, kashi ɗaya jan ƙarfe.

Fatake ne suka kawo wannan dala ƙasar Hausa. Sukan ɗauko ta daga Tarabulus a kan raƙuma, su ratso hamada da ita har Agadas, Damagaram, Kano da Barno. A lokacin nan da wuri ake ciniki, wuri kuwa nauyi gare shi. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya tarar ana canjin dala ɗaya wuri 2,500. Saboda haka fatake suka so ta, don dukiya mai yawa takan shiga ƙaramar jaka.

Daga baya Faransawa suka zo da nasu kuɗin azurfa na faran biyar, mai nauyin giram 25. Mutane suka kira shi dala shi ma. Shi ya sa har yau a Nijar ake ce wa faran biyar dala.

Shekarar da ba ta canzawa

Wanda ya ga 1780 a jikin dala, sai ya ɗauka a shekarar aka buga ta. Sau da yawa ba haka ba ne. Bayan rasuwar sarauniya, ƴan kasuwa sun riga sun saba da dalar, ba su yarda da wata ba. Sai aka ci gaba da buga ta ba a canza shekarar ba. An buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, an kuma buga ta a Rum, Paris, Landan da Bombai. Adadinta ya wuce miliyan 300, kuma har yanzu ana buga sabbi a Biyana. Ke nan dala mai 1780 tana iya girme kakan kaka, tana kuma iya zama ta bara.

Me ke ba tsohon kuɗi daraja?

Akwai mutane masu tara tsoffin kuɗi don nazari da sha'awa. Abu uku suke dubawa.

Na farko, azurfar da ke ciki. A kowace dala akwai azurfa wajen giram 23. Ko ta tsufa ko ba ta tsufa ba, wannan azurfa tana da kuɗinta a kasuwa.

Na biyu, ƙaranci. Abin da ya yi yawa ba ya tsada. Dalar da aka buga sarauniya tana da rai, mai shekara kamar 1760 ko 1770, ba ta da yawa. Ita ce masu tarawa suka fi nema.

Na uku, lafiyar kuɗin. A kafaɗar sarauniya akwai wani ado mai ƙananan ɗigo kewaye da shi. Mutanen dā sukan duba ɗigon nan kafin su karɓi dala. Idan ya shafe, sun san ta sha hannu, ta rage nauyi.

Ta gaske ko jabu?

Macuta sukan ƙera dala da dalma ko wani ƙarfe, su shafa mata ruwan azurfa. Ana gane ta gaske ta hanyar awo a sikeli. Idan aka ƙwanƙwasa ta, takan yi ƙara mai zaƙi, ta dalma kuwa muryarta a dushe take. A gefenta akwai rubutu a kewaye, wanda aka yi don kada a kankare azurfar. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma wannan kaɗai bai isa shaida ba, don dalma ma ba ya kama ta.

Yadda ake adana ta

Maƙeran fari sun narke dala da yawa, sun yi zobba da mundaye da ita. Mata kuma sun huda wasu sun yi abin wuya. Dalar da aka huda ko aka goge da yashi ko toka, darajarta ta ragu a wurin masu tarawa. Wadda aka narke kuwa, tarihinta ya tafi ke nan. Don haka wanda ya gaji irin wannan kuɗi ya naɗe shi a ƙyalle mai laushi, ya ajiye inda ba laima. Kada ya yi saurin sayarwa ga mai saye na farko. Ya nuna wa amintaccen maƙeri ko ma'aikacin gidan tarihi tukuna. Matambayi ba ya ɓata.

Kalmomi

azurfa: l'argent
dalma: le plomb
wuri: le cauri
maganaɗisu: l'aimant
gaggafa: l'aigle

Tambayoyi

1. Ta wace hanya dalar Mariya Tereza ta zo ƙasar Hausa?
2. Don me shekara 1780 ba ta nuna tsufan dala?
3. Ku faɗi abu uku da ke ba tsohon kuɗi daraja.
4. A Kano, a 1851, wuri nawa ne canjin dala 4?

Aiki

Ku tambayi wani dattijo ko wata tsohuwa a unguwarku irin kuɗin da aka yi ciniki da su a dā. Ku rubuta sunayensu a littafinku.