Yadda Ake Raɗa wa Jarumi Suna a Wasannin Almara na Intanet

Matashin da ya taso da Free Fire ko PUBG a wayarsa ya saba da suna mai ado: kambi a wannan gefe, fukafukai a wancan, haruffa masu lanƙwasa a tsakiya. Ran da ya leƙa wasannin duniyar almara, inda mutum ke ƙirƙirar jarumi ya yi shekaru yana rainonsa cikin dubban 'yan wasa, irin su RuneScape, World of Warcraft, Final Fantasy XIV da Guild Wars 2, sai ya tarar tun a ƙofar farko an tsayar da shi. Ya rubuta suna, a ce bai dace ba. Ya sake wani, a ce an riga shi. Ga data na zuba, ga cajin da ya biya a shago yana sauka. Mai zaune a ƙaramin gari irin Kausani, ko ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, yana da ƙarin wahala a kan ta kowa, domin waɗanda suka tsara dokokin nan ba su yi lissafi da Hausa ba. Shi ya sa a takarda ake fara aikin, tun kafin a kunna data.

Mataki na farko: san awon wasan da za ka shiga

Kowane kamfani da nasa awon. World of Warcraft, wanda Blizzard ya fitar a 2004, yana karɓar harafi 2 zuwa 12, kalma ɗaya tal, babu lamba, babu tazara, kuma ba ya yarda harafi ɗaya ya zo sau uku a jere. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix suna biyu yake nema, na farko da na biyu, kowanne daga harafi 2 zuwa 15, amma in an haɗa su kada su haura 20. Guild Wars 2, na 2012, ya fi sassauci: har 19, kuma da tazara. Old School RuneScape na kamfanin Jagex, wanda ya sauka a waya a 2018, kuma shi ya fi sauƙin samu ga wanda ba shi da kwamfuta, yana tsayawa a 12, sai dai ya yarda da lamba da tazara, ita ma tazarar ana ƙirga ta.

Ɗauki biro ka gwada. Barden Gulbi harafi 11 ne, da tazara 12, ya cika awon RuneScape cif. A World of Warcraft zai dunƙule ya koma Bardengulbi, domin harafin farko kaɗai ke zama babba. Tsumburbura 11 ne, ya shige ko'ina, sai dai Final Fantasy XIV zai nemi a haɗa masa suna na biyu. Sarkin Dawakin Tsakar Gida kuwa 23 ne ko ba a ƙirga tazara ba, sai ka haƙura da shi. Dokokin nan sukan canza, don haka ka karanta ɗan rubutun da ke gefen akwatin sunan kafin ka danna.

Mataki na biyu: cire ƙugiyoyi ka ga abin da ya rage

Wayarka tana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ in ka sa mata kibod na Hausa, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke amfani da shi. Wasannin ne galibi ba sa karɓa. Akwai wanda zai karɓi haruffan Faransanci da na Jamusanci masu ɗige-ɗige a kai, amma ya ƙi namu. Saboda haka ka rubuta sunan ba ƙugiya, ka karanta shi da babbar murya kamar yau ka fara ganinsa.

Nan ake shan mamaki. Ka yi niyyar Baƙin Zaki, sai ga Bakin Zaki a saman kan jaruminka. Wannan da sauƙi, har ma da ban tsoro. Baƙin Doki fa? Duk Bahaushen da ya ci karo da kai a wasan, da Bakin Doki zai riƙa kiranka, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Ɗan da ya koma Dan ba ya ɓata komai, mun saba ganinsa haka a allunan kan hanya da jikin motocin haya. Abin da na fi so shi ne mutum ya zaɓi sunan da tun asali ba shi da ƙugiya: Jarmai, Barde, Garkuwa, Madawaki, Magajiya, Gizo, Daurama.

Waƙafin sama shi ma da nasa sharaɗin. Final Fantasy XIV yana barinsa a tsakiyar suna, don haka Sa'adatu da Ma'aji za su shiga yadda suke, amma ba ya yarda suna ya fara da shi. 'Yar Sarki sai ta zama Yar Sarki. World of Warcraft ba ya karɓarsa sam.

Mataki na uku: duba cikin sunan da idon Bature

Wannan ne matakin da ya fi cin mutanenmu, kuma da wuya mutum ya gane dalilin da aka ƙi shi. Kamfanonin suna da wata rariya mai tace zagi da batsa na Turanci. Ba ta san ma'ana ba, jerin haruffa kawai take nema, ko da a tsakiyar wata kalma suke. Matsalar tsohuwa ce. A 1996 kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu saboda wasu haruffa huɗu da ke cikin sunan garinsu, har yau kuma da sunan garin ake kiran wannan cuta. A 2006 an gano Yahoo yana ƙin duk sunan da ke ɗauke da jerin haruffan sunan Allah, har ya shafi Turawa masu suna Callahan, kafin ya janye. A 2010 Microsoft ya dakatar da wani ɗan wasan Xbox saboda ya rubuta cewa shi mutumin Fort Gay ne, alhali gari ne na gaske a jihar West Virginia ta Amurka, daga baya aka ba shi haƙuri. A jerin wasannin Dark Souls kuwa, kalmar Knight, wato barden Turawa, takan fito a matsayin K***ht, a wasan da barade suka cika shi.

Yanzu dawo gida. Gaya, maƙwabciyar Wudil, haruffanta uku na farko su ne suka jawo wa mutumin can na Amurka dakatarwa. Fagge ta cikin Kano ita ma tana farawa da abin da Turawa ke ɗauka zagi ne. Hassan yana da haruffa uku a tsakiya da wata rariyar za ta rufe da taurari, ya fito H***an. Shitu, sunan da ba wanda ke jin komai a kansa a nan, haruffansa huɗu na farko ashar ne a wurinsu. Nigeria da Niger, a rubutun Turanci, suna farawa da haruffan da suka sa aka rufe Knight. Ba kowane wasa ne ke kama waɗannan ba, amma in an ƙi sunanka ba a faɗi dalili ba, nan za ka fara dubawa. Maganin sau da yawa rubutun Hausa ne na asali: Hasan da s ɗaya, Nijeriya ko Najeriya da j, Nijar. Kada ka yi dabarar sa lamba ko alama a tsakiyar kalma don ka zille wa rariyar. A dokar yawancin kamfanoni wannan zillewar ita kanta laifi ce.

Mataki na huɗu: ware sunayen da bai kamata ka taɓa ba

Bayan na'ura akwai mutane, masu kai ƙara da ma'aikatan da ke yanke hukunci. Kusan duk wasannin sun hana sunan zagi, na ƙabilanci, na batsa, da yin sojan gona da sunan ma'aikacin kamfani. A RuneScape ma'aikatan Jagex da Mod sunansu ke farawa, don haka kada ka kusanci wannan. Sunan shugaba ko ɗan siyasa ko mawaƙi sananne shi ma yana jawo ƙara.

Akwai kuma abin da ba sai kamfani ya hana ka ba. Jarumin nan za a kashe shi ba sau ɗaya ba, za a tattake shi, wanda ka kayar zai zage shi da sunansa. Sunan Allah, ko na Annabi, ko na sahabbai, bai dace da wannan fili ba. Haka sarauta haɗe da sunan gari na gaske. Barde kawai babu laifi, amma da ka liƙa masa sunan wani gari mai hakimi ko dagaci, wataƙila ka ɗauki rawanin wani dattijo mai rai ka kai shi fagen wasa. Sa masa Gulbi, ko Fadama, ko Dutse, ko Hamada.

Sannan ka raba sunan wasa da sunan yanka. Wanda ya rubuta sunansa, da Kausani, da shekarar haihuwarsa, ya ba baƙo kusan duk abin da zai nemo shi da shi a Facebook, domin ƙaramin gari ba ya ɓoye mutum. Ga 'yan mata abin ya fi tsanani. Kuma kada sunan jarumi ya zama ɗaya da sunan da kake shiga asusu da shi.

Mataki na biyar: tara sunaye biyar ko shida

Suna ɗaya mutum ɗaya ne. A World of Warcraft da Final Fantasy XIV a kan kowace saba (rukunin da aka raba 'yan wasa a ciki) ake wannan lissafi, wato sunan da aka kama a wata sabar yana iya zama a sake a wata. A Guild Wars 2 da RuneScape kuwa duk wasan ne gaba ɗaya. A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin sunayen Turanci masu daɗi an daɗe da kwashe su, namu kuwa da yawa suna nan zube. Ga Bayajida da Barbushe daga tarihi, ga Botorami daga tatsuniya, ga Gandoki, jarumin littafin Bello Kagara na 1934, ga sunayen rana da na haihuwa: Talatu, Asabe, Tanko, Gambo, Auta. In ka tarar an riga ka, kada ka jera lambobi a baya. Ari salon 'yan dambe: Autan wane, Shagon wane, Bahagon wuri kaza, Dogon wuri kaza.

Wanda zai shiga cikin masu ɗaukar labarin wasan da gaske, waɗanda ke magana da bakin jaruminsu, ya dubi yadda mutanen duniyar ke raɗa suna. Wannan al'ada ce, ba doka ba, ban da sabobin da World of Warcraft ya keɓe don haka, inda ake iya kai ƙarar sunan da bai yi kama da na duniyar ba. A Final Fantasy XIV akwai wasu gajerun mutane, Lalafell, masu sunaye masu maimaita gaɓa, kamar Tataru Taru. Kunnen Bahaushe bai baƙunci wannan ba. Fafatu Fatu za ta zauna cikinsu daram.

Ka tuna da bakin waɗanda za su kira ka lokacin da faɗa ya yi zafi. Gaɓa biyu ko uku sun isa. Ciroma za su karanta shi Siroma ko Kiroma, sai ka sa masa h ya zama Chiroma. Dodo, da muke tsorata yara da shi, a wurinsu sunan wani tsuntsu ne da ya ƙare a duniya, kuma suna kiran wawa da shi.

Mataki na shida: danna, amma ka san kuɗin komawa baya

Kafin ka tabbatar, sake karanta sunan harafi-harafi, domin gyara ba kyauta ba ne. Blizzard da Square Enix sun daɗe suna karɓar dala 10 a kan canza suna, kuma wanda ya taɓa ƙoƙarin biyan dala da katin naira ya san kuɗin ba shi ne kaɗai wahalar ba. A RuneScape mai biyan kuɗin wata yana iya canzawa sau ɗaya a kwana 28.

In kuma an kai ƙararka aka tilasta maka canji, kada ka sake sa sunan da ɗan kwaskwarima, hukunci na biyu ya fi na farko nauyi. Ɗauki hoton saƙon da suka turo, ka shiga sashen taimako na kamfanin a shafinsa na asali, ba ta hannun wani da ya yi maka magana cikin wasa yana cewa shi ma'aikaci ne ba. Rubuta musu layi uku cikin Turanci mai sauƙi: sunan na Hausa ne, ga ma'anarsa, ga garin ko littafin da ya fito. Kada ka tura wa kowa kalmar sirrinka, ko da ya ce da ita zai gyara. Kafin amsa ta zo, ɗauko na biyu a jerin da ka rubuta a takarda ka ci gaba da wasanka.