Yaro Mai Bututu a Wuya: Yaushe Ake Sa Masa Murfin Magana?

Ya ku iyaye, wani lokaci ciwo yakan toshe wa yaro hanyar numfashi. Sai likita ya huda gaban wuyansa, ya sa ɗan bututu don iska ta riƙa shiga. Yaron da aka yi wa haka yakan yi kuka ba a ji sauti ba. Kada ku zaci ya zama bebe. Murya daga saman maƙogwaro take fitowa, iska kuwa yanzu ta bututu take fita, ba ta kaiwa can.

Saboda haka aka ƙera wani ɗan murfi da ake ɗorawa a bakin bututun. Iska tana shiga ta cikinsa, amma ba ta fita ta nan, sai ta hau ta fita ta baki da hanci. Da haka murya ke dawowa. To, amma murfin nan yana da lokacinsa. In aka sa shi ba a kan lokaci ba, yana iya shaƙe yaro. Ku kiyaye waɗannan:

1. Ba a fara sa shi sai likita ya sauya bututun farko, wajen mako guda bayan aiki, ya kuma gwada da kansa ya ga iska tana wucewa sama.

2. Wani bututu yana da 'yar jakar iska a jikinsa. In ba a sace iskarta duka ba, kada a sa murfi ko kaɗan.

3. Kafin a sa, a zuƙe majina daga bututu. A fara da 'yan mintoci, a riƙa ƙarawa yadda likita ya ce, babba yana zaune kusa.

4. Da yaro ya fara gyangyaɗi, a cire. Ba a barci da shi, dare ko rana.

5. In yana mura, ko zazzaɓi, ko majina ta yi kauri kamar yadda takan yi da hunturu, a ajiye murfi sai ya warke.

6. In kun ga yana haki, ko gumi, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko leɓensa ya sauya launi, ku cire nan take. In bai sami sauƙi ba, sai asibiti.

Kullum a wanke murfi da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a bar shi ya bushe a inuwa.

In yaro ya ƙi shi yau, a sake gwadawa gobe. Sannu ba ta hana zuwa.